ƊAN WANE A GABAN MASU TAMBAYA

Darasinmu na yau a kan shigar yara manyan makarantu ne. Da yawa daga cikinmu ba mu sami zama a aji ba sa'ad da mu ke ƙanana, sai yanzu da girma Allah ya nufe mu da koyon karatu. Amma 'ya'yanmu da jikokinmu suna makaranta. Wata rana ɗayansu zai gama sakandare, ya nemi wucewa gaba.

A waɗansu makarantu, bayan jarrabawar rubutu, a kan kira yaro ya zauna gaban manya, su yi masa tambayoyi baki da baki. Wannan shi a ke kira intabiyu, watau ganawa.

To, ga abin da ya kan dami iyaye. In yaro yana da uba, ko baffa, ko wa, wanda ya yi karatu a wannan makaranta, ya faɗa ko ya yi shiru? Wanda kuwa ba shi da kowa, ubansa manomi, kakansa manomi, shi ke nan ya fāɗi tun bai shiga ba? Waɗannan tambayoyi biyu za mu duba. Mu karanta a hankali, kada mu yi gaggawa.

1. ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce mai yawan jama'a. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, har Dambatta da Makoɗa, gona tana jikin gona. Da wuya ka ga fili an bar shi ya huta. Kowace shekara mu kai taki, mu shuka gero da dawa, mu sa wake da gyaɗa a tsakani. Da haka iyayenmu suka riƙe ƙasar nan, ba ta mutu ba.

Amma in maigida ya rasu, sai a raba gonarsa tsakanin magada. In su ma sun rasu, a sake rabawa. Mutane suna ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Gonar da ta ciyad da gida guda a zamanin kakanninmu, yau gida biyar ke kallonta.

Saboda haka dole waɗansu daga cikin yaranmu su nemi abinci ta wata hanya. Wani ya zama malamin makaranta, wani malamin asibiti, wani malamin gona, wata ta zama ungozoma. Duk waɗannan sai an shiga babbar makaranta. Masu nema suna da yawa, gurabe kaɗan ne. Ranar ganawa kuwa minti goma ko ashirin ne za a ba yaro. In ya ɓata su, wahalar shekara goma sha biyu tana iya tafiya a banza. Kun ga ashe maganar ba ƙarama ba ce.

2. YADDA A KE SHIGA MAKARANTA A DA

A shekarar 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda mutanen Kano suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Gidansa yana nan har yau, ana zuwa kallo. Cikin makarantun da ya buɗe akwai ta 'ya'yan sarakuna. Nufin Turawa shi ne su koya wa waɗanda za su gāji sarauta karatu da lissafi. A wannan zamani, tambayar farko ita ce, ɗan wane ne?

Amma mutane da yawa ba su yarda da makarantar boko ba. In an ce hakimi ko dagaci ya kawo yara, sai iyaye su ɓoye nasu. Waɗansu manya ma su kan hana 'ya'yan cikinsu, su aika da 'ya'yan barorinsu. Da tafiya ta yi tafiya, sai ga waɗannan da aka tura don a huta sun zama akawuna da malamai da manyan ma'aikata.

A shekarar 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 aka sa mata suna Barewa. Mu dubi mutum biyu da suka yi karatu a cikinta. Ahmadu Bello ɗan hakimin Rabah ne, zuriyar Shehu Usmanu. Ya gama a 1931, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ubansa ba sarki ba ne, yana aiki ne a gidan hakimin Lere, a ƙasar Bauci. Ya gama a 1933, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

A nan Kano ma haka. Midil ta Kano, wadda yanzu a ke kira Kwalejin Rumfa, an buɗe ta a 1927. Alhaji Ado Bayero, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya yi karatu a cikinta. Alhaji Yusufu Maitama Sule ma ya yi. Shi mahaifinsa yaron gidan Madakin Kano Mahmudu ne, Madaki ne ya sa aka kai shi makarantar Shahuci a 1937. Ya zama minista a 1959, ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981, ya riƙe sarautar Ɗanmasanin Kano.

Me muka koya a nan? Gaskiya ne babban gida ya buɗe wa waɗansu ƙofa. Amma bayan an shiga aji, kowa da hannunsa ya ke riƙe alƙalami. Madaki ya kai yaro makaranta, bai yi masa jarrabawa ba.

3. YADDA A KE SHIGA A YAU

Zamani ya juya. A da ana bin yara ana kamowa, yau yara ke bin makaranta suna roƙo. A 1976 gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, inda a ke ɗaukar yara ta hanyar jarrabawa. 'Ya'yan manoma da yawa sun bi ta nan sun zama likitoci da injiniyoyi. A 1978 aka kafa hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a.

Yau wanda ya ke son shiga jami'a ko kwaleji, ga abin da za a duba. Na ɗaya, sakamakonsa na gama sakandare, na WAEC ko na NECO. Na biyu, makinsa na JAMB. Darussa huɗu a ke yi a kwamfuta, Turanci dole ne a cikinsu, maki duka 400 ne. Na uku, tantancewar da makarantar kanta za ta yi.

Jami'o'in Gwamnatin Tarayya suna da ƙa'idar rabon gurabe. Cikin kowane gurbi 100, a kan ba da 45 ga waɗanda suka fi maki, ko daga ina suka fito. A ba da 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar. A ba da 20 ga 'yan jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, Kano tana cikinsu. Ku duba da kyau. Cikin rabon nan uku babu kason ɗan tsohon ɗalibi.

Wurin da sunan uba ya ke da aiki shi ne takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ta ke bayarwa. Ita ke nuna yaro ɗan Bagwai ne, ko ɗan Tsanyawa, ko ɗan Minjibir. A wannan takarda sunan manomi da sunan attajiri nauyinsu ɗaya.

Tun 2017 kuma, duk gurbin da aka ba yaro sai ya bi ta na'urar JAMB, yaron ya gani da idonsa, ya karɓa. Gurbin da bai bi ta nan ba, hukuma ba ta san da shi ba. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ba kowace makaranta ke yin ganawa ba. Amma makarantar horad da hafsoshin soja ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, tana yi. Makarantar horad da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil tana yi. Makarantun koyon aikin jinya da ungozoma su kan yi. Masu ba da taimakon kuɗin karatu ma su kan yi.

Ba mu ce babu alfarma a ƙasar nan ba. Kowa ya san akwai masu kai takarda daga manya. Amma wannan hanya ce ta bayan gida, ba ita ce doka ba, kuma talaka ba shi da riba a cikinta.

4. YADDA A KE YI A AMURKA

Bari mu leƙa wata ƙasa, don mu gwada da tamu. A Amurka akwai tsofaffin jami'o'i masu suna, kamar Harvard, wadda aka kafa a 1636, da Yale, da Princeton. In yaro ya nemi shiga, su kan haɗa shi da wani tsohon ɗalibinsu da ke zaune kusa da garinsu. Su zauna su yi hira kamar rabin sa'a ko sa'a guda, wani lokaci ta waya mai hoto. Tsohon ɗalibin ba biyansa a ke yi ba. Ba shi ke ɗauka ba, ba shi ke kora ba. Rahoto kawai ya ke rubutawa ya aika.

Waɗannan jami'o'i sun daɗe suna fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu. Al'adar ta yi ƙarfi ne cikin shekarun 1920, sa'ad da 'ya'yan baƙi, musamman Yahudawa, suka fara cin jarrabawa da yawa, masu jami'o'in suka nemi dabarar rage su. Kun ga asalin abin ba mai kyau ba ne.

A 2018 aka yi shari'a da Harvard a birnin Boston, aka fito da littattafanta a gaban alƙali. Sai aka ga cikin 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da suka nema, wajen ɗaya cikin uku aka ɗauka. Cikin sauran jama'a kuwa wajen shida cikin ɗari. Mutane suka yi ta surutu. Tun kafin wannan, jami'ar Johns Hopkins ta bar al'adar a 2014. Jihar Colorado ta hana ta a makarantun gwamnati a 2021. A 2024 jihohin Virginia da Maryland da California suka yi dokokinsu na hanawa. Jami'ar MIT kuwa, wadda ta yi suna wajen kimiyya, ta ce ita ba ta duba wannan.

Ko a can ɗin, yaro ba ya bukatar ya yi shelar ubansa a wurin ganawa, gama ya riga ya rubuta makarantar da iyayensa suka yi a cikin fom. Wanda aka aiko ya gana da shi yana so ne ya ji abin da takarda ba ta faɗa ba, watau hankalin yaron, da abin da ya ke so, da dalilinsa. To, in a ƙasar da a ke ba da fifikon ma haka ne, ina ga tamu da ƙa'ida ba ta san shi ba?

5. MISALIN YARA UKU

Ga wani misali da muka shirya don mu gane. A ce yara uku ne daga ƙauye ɗaya aka kira su ganawa a wata makarantar koyon aikin asibiti.

Na farko yana da baffa wanda ya yi wannan makaranta, yana aiki a ɗakin shan magani na garinsu. Daren tafiya uban ya kira yaron a zaure, baffan yana zaune. Ya ce, "Kai, gobe da ka shiga, kafin su ce komai, ka gaya musu kai ɗan wane ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Baffan ya ce, "Yaya, a gafarce ni. In ya yi haka, za su ce ya zo da rigar aro. Ni na ci jarrabawata tun shekara ashirin. Gobe tasa za a yi."

Yaron ya ce, "To, Baffa, in sun tambaye ni fa?"

Baffan ya ce, "In sun tambaya ka faɗa, gaskiya ce, ba abin kunya ba ne. Amma ka faɗa a gajarce, ka koma kan abin da ka sani."

Da gari ya waye yaron ya shiga, ya yi sallama, ya tsaya har aka ce ya zauna. Shugaban ya ce, "Samari, me ya sa ka ke son wannan aiki?"

Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, baffana malamin asibiti ne a garinmu, a nan ya yi karatu. Da damina na kan raka shi. Na ga yara da yawa ana kawo su da zazzaɓin cizon sauro, waɗansu an makara. Na ga yadda ya ke koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana gudawa. Shi kaɗai ne a wurin, aikin ya yi masa yawa. Ina so in koya in taimaka."

Shugaban ya ce, "To, gaya mana amfanin ruwan gishiri da sukari." Yaron ya ce yana mayar wa jiki ruwan da ya zube. Suka ci gaba da tambaya, yana amsawa. Kun ga ya ambaci baffansa sau ɗaya, a wurin da ya dace, sa'an nan ya wuce.

Ta biyu yarinya ce, 'yar manomi. Babu wanda ya taɓa wuce firamare a gidansu. Ana saura kwana uku wani mutum ya zo wurin ubanta, ya ce yana da hanya, in an ba shi kuɗi zai samo takarda daga wani babba. Uban ya yi shawarar ya jinginad da gonarsa ta bakin rafi. Uwar yarinyar ta ce, "Malam, in gonar ta tafi, gurbin bai zo ba, me za mu ci? In ma ya zo, da me za mu biya kuɗin makarantar?" Uban ya yi shiru, ya sallami mutumin.

Ranar ganawa wata malama ta tambaye ta, "'Yammata, mene ne sana'ar mahaifinki?" Ta ce, "Ranki ya daɗe, manomi ne. Shi ya sayad da buhun wake ya biya mini kuɗin jarrabawa. Ni ce ta farko a gidanmu da ta gama sakandare." Ba ta sunkuyad da kai ba, ba ta yi rawar murya ba. Malamar ta rubuta wani abu, ta shiga yi mata tambayoyin karatu.

Na uku shi ma ba shi da kowa, amma ya ji kunyar faɗa. Da ya shiga, tun ba a tambaye shi ba, ya ce shi ɗan wani tsohon ɗalibi ne, ya ambaci sunan wani mutumin garinsu da ya taɓa ji. Wani dattijo cikin masu tambaya ya ɗaga kai ya ce, "Af, abokina ne, ajinmu ɗaya. Yaya ya ke?" Yaron ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, jiya ma tare muka ci tuwo." Dattijon ya ajiye alƙalami ya ce, "Ikon Allah! Ni kuwa shekara biyu ke nan da na je jana'izarsa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron nan makinsa ba laifi, da ya tsaya a kansa da ya fi masa. Amma wa zai damƙa magani da ran mutane a hannun wanda ya fara da ƙarya?

Ba mu ce duk wanda ya faɗi gaskiya za a ɗauke shi ba. Gurabe kaɗan ne, wani sai ya sake nema baɗi. Amma na farko da ta biyu, ko ba a ɗauke su bana ba, suna iya komowa da fuskarsu, gonar bakin rafi kuma tana nan.

6. ABIN DA ZA MU GAYA WA YARANMU

Na ɗaya. Kada yaro ya fara da sunan uba ko na wani babba. Ya fara da sallama, da sunansa, da garinsu, da makarantar da ya gama.

Na biyu. In an tambaye shi iyayensa, ko an ce akwai wani nasa da ya yi makarantar, ya faɗi gaskiya a gajarce. Ɓoyewa ba ta da amfani, ƙari kuma ba shi da amfani.

Na uku. In zai ambaci ɗan'uwansa, ya faɗi abin da ya gani ko ya koya a wurinsa. Kada ya faɗi muƙaminsa don a ji tsoro. Masu tambaya mutane ne, ba su son a nuna musu sanda.

Na huɗu. Kada ya ce, "Babana ne ya ce in zo." Ya zo da dalilin kansa. Wanda aka turo, in karatu ya yi zafi, shi ke fara gudu.

Na biyar. Ɗan manomi kada ya ji kunya. Yaron da ya san lokacin shuka, ya san awon hatsi a kasuwa, ya yi kiwo, ya yi noman rani a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari, yana da abin faɗa da yawa.

Na shida. In bai san amsa ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba." Wannan ya fi kame-kame.

Na bakwai. Ya san makarantar da ya ke nema. Mai son Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta ya san abin da a ke koyarwa a can. Mai son Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya a Bichi ya san sana'ar da ya ke so ya koyar.

Hausawa sun ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Akwai gaskiya a ciki, gama wanda ya tashi a maƙera ya riga ya saba da zafin wuta. Amma mu manoma mun san wani abu. Gonar gado, in ba a kai mata taki ba, ba a yi mata noma ba, ba ta ba da ko dami ɗaya don darajar mai ita na farko. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

7. AIKIN DA YA RAGE GA IYAYE

Mu da ba mu yi makarantar ba, muna da abin da za mu ba yaranmu wanda ya fi takardar alfarma.

Mu adana takardunsu. Takardar haihuwa, da ta gama firamare, da ta asali, da lambar katin ɗan ƙasa, wadda JAMB ta ke nema tun 2021. Mu sa su cikin leda, mu ajiye a akwati, kada gara ko ruwa su ci. Yanzu da mu ke iya karatu, mu duba da idonmu ko sunan yaro iri ɗaya ne a kowace takarda. In a nan an rubuta suna biyu, a can an rubuta uku, ko shekarar haihuwa ta saɓa, a gyara tun da wuri. Wannan ƙaramin kuskure ya hana yara da yawa shiga.

Kada mu ba kowa kuɗi don ya saya mana gurbi. Mun riga mun karanta, gurbin da bai bi ta JAMB ba, yaro yana iya shekara huɗu yana karatu, ranar gamawa a ce ba a san shi ba. Kada mu sayad da gona ko shanun noma saboda maganar ɗan hanya.

In akwai tsohon ɗalibi a garinmu, mu je wurinsa. Abin da za mu roƙa shi ne ya zaunad da yaron, ya gaya masa yadda makarantar ta ke, ya yi masa tambayoyi na gwaji, ya gyara masa zama da magana. Wannan taimako halal ne, kuma ba ya ƙare wa mai bayarwa. Wanda ya yi wa ɗan ɗan'uwansa, ya haɗa da ɗan maƙwabci.

Mu ba yara lokacin karatu, maza da mata. Ana gab da jarrabawa a rage musu talla da aike. Ran tafiya a ba su kuɗin mota da wuri, a yi musu addu'a. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.

SABABBIN KALMOMI

Intabiyu: ganawa baki da baki, inda manya ke yi wa mai nema tambayoyi.
Gurbi: wurin da aka ba yaro a makaranta.
Maki: lambar da yaro ya samu a jarrabawa.
Fom: takardar da a ke cikawa in ana neman shiga.
Tsohon ɗalibi: wanda ya riga ya gama wata makaranta.

TAMBAYOYI

1. Wane ne ya buɗe makaranta a Nasarawa, a wace shekara?
2. Faɗi garuruwa uku da Kwalejin Barewa ta zauna.
3. Tara 45 da 35 da 20. Nawa ke nan? Nawa ne kason ɗan tsohon ɗalibi a ciki?
4. Me ya sa baffan ya hana yaron fara magana da sunansa?
5. Me uwar yarinyar ta gaya wa mijinta?
6. Ina kuskuren yaro na uku?

AIKI

Kowa ya rubuta cikakken sunan ɗansa ko 'yarsa, da shekarar haihuwa, da sunan ƙaramar hukumarsu. In an koma gida a ɗauko takardun yaron a gwada, a ga ko sun yi daidai. Sa'an nan mutum biyu su fito gaban aji, ɗaya ya zama mai tambaya, ɗaya ya zama yaro ɗan manomi. Sauran su saurara, su faɗi inda ya yi daidai da inda zai gyara.